Shin Rabbi Limami Ne Ko Mufti?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin kalmar "rabbi" a labaran duniya. Wani ya ce min limamin Yahudawa ne, wani ya ce kamar fada yake a coci. Wane ne shi, kuma yaya yake rayuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In za ka bi ta tawa, ka ɗauke shi a matsayin mufti, ka fi kusa da gaskiya. Kalmar a Ibrananci tana nufin "malamina". Jan ibada bai zama dole a kansa ba, duk baligin da ya iya zai iya shiga gaba muddin maza goma sun taru. Malaman nan sun karɓi ragamar addini ne bayan Rumawa sun rushe Haikalin Ƙudus, babban ɗakin ibadar Yahudawa, a shekara ta 70 miladiyya, hadaya ta tsaya, karatu ya maye gurbinta.

Karatun kuwa ba na wasa ba ne. Ɗalibi kan shafe shekaru a makarantar da suke kira yeshiba, ana zama biyu-biyu a kan Talmud, wato babban kundin fiƙihunsu, ana gardama da ƙarfi, wannan ya kawo hujja wancan ya rushe ta. In ka ji hayaniyar daga waje sai ka rantse faɗa ake yi. Talmud ɗin Babila yana da warƙa 2,711, masu karanta warƙa ɗaya kullum sai sun yi kusan shekara bakwai da rabi kafin su sauke. Bayan haka ne wani babban malami zai jarraba shi ya ba shi ijaza, wadda suke kira semika.

Da safe yakan yafa mayafi mai tuntu a kusurwoyi huɗu, ya ɗaura ɗan akwatin fata mai ɗauke da ayoyin Attaura a goshi, wani a damtse, ya naɗe igiyar sau bakwai a hannu. Addu'a sau uku ce a rana. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar ba ya kunna wuta, ba ya rubutu, ba ya hawa mota.

Amma daga cikin manyan ayyukansa akwai ba da fatawa. Ga misali: mace ta zo hankali a tashe, madara ta ɗiga mata cikin tukunyar nama, alhali haɗa biyun haramun ne a wurinsu. Ba zai ce mata zubar nan take ba. Sai ya tambayi yawan abin da ke tukunyar. In ya ninka ɗigon sau 60, abincin ya halatta. Ni dai wannan lissafin yana burge ni. Shari'ar aure da saki ma tana zuwa gabansa.

Aƙidarsa ita ce Allah ɗaya ne, ba shi da jiki, Attaura daga gare shi take ta hannun Annabi Musa, dokokinta 613 ne, kuma Almasihu bai zo ba tukuna. Wanda ya tsara ginshiƙan aƙidar 13 shi ne Musa bn Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus da ya rasu a Masar a 1204. Shi a ra'ayinsa bai dace malami ya ci abinci da koyar da Attaura ba, don haka da likitanci ya riƙe kansa, har a fadar Salahuddin Ayyubi. Na yau dai akasarinsu albashi jama'arsu ke biyan su.