Amsa: Shin ɗan Kamaru zai iya kai ƙarar gwamnati kai tsaye kotun Arusha?

Malam, ka tambaya ko daga Marwa za ka iya shigar da ƙarar gwamnati a Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha, a Tanzaniya. Kai tsaye dai ba zai yiwu ba.

Amincewar ƙasa hawa biyu ce. Na farko, ta karɓi yarjejeniyar 1998 da ta kafa kotun. Kamaru da Chadi duk sun yi. Na biyu, ta ajiye takarda ta musamman a ƙarƙashin sashe na 34(6) na yarjejeniyar, wadda ke ba wa mutum ko ƙungiya damar shigar da ƙara da kansu. Wannan ce ba su ajiye ba, don haka kotun za ta ce ba ta da hurumi, ko da hujjarka ta fi rana fitowa. Ko wadda ta ajiye ma tana iya janyewa, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2016.

Hanyar da ta rage maka ita ce Hukumar Banjul, wato Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Gambiya, ita kuma tana iya tura shari'ar Arusha. Amma sai ka gama da kotunan gida tukuna, har Kotun Ƙoli a Yawunde, sai fa in an ja shari'ar fiye da kima. Adana kwafin kowane hukunci da ranarsa, kada kuma ka yi jinkirin shigarwa. Kotun ECOWAS ta Abuja kuwa ba ta shafe mu ba, tunda Kamaru ba ta cikin ƙungiyar.