Amsa: waye Banister Fletcher ɗin da ake ta ambata a ajin zanen gine-gine?

Ɗan'uwa ka tambaya ko Banister Fletcher marubuci ne kawai ko ya taɓa zana gini da kansa. Ai duka biyun ne.

An haife shi a Landan a 1866, babansa ma mai zanen gine-gine ne mai suna irin nasa, su biyu suka fitar da wannan katon littafin A History of Architecture a 1896, shi ne ɗalibai suka yi ta fama da shi shekara da shekaru saboda zane-zanen ciki, wallahi ko yau ka buɗe sai ka tsaya kallo. A ɓangaren aiki shi ya zana masana'antar Gillette da ke yammacin Landan, mai doguwar hasumiyar agogo, wajen 1937. Ya kuma shugabanci ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya, wato RIBA, daga 1929 zuwa 1931, ya rasu a 1953.

Abin da ke min ciwo dai, a littafin ya ware ginin Indiya da Sin da na Musulmi ya ce wai salon da ba na tarihi ba ne, Turai kaɗai ce ke ci gaba. In za ka karanta nemi bugun 2019, an sake rubuta shi kaf.