Kuɗin adashina dubu 60: haɗin garkuwar jiki zan saya ko asibiti zan kai?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wannan satin saƙo uku ne suka shigo kan ciwo ɗaya, wato lufus, wanda a takardar asibiti za ku ga an rubuta lupus ko SLE, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda.

"Anti barka da war haka. Shekarata 27, ina Tumfure. Wata biyar kenan gaɓoɓina na ciwo musamman yatsu da safe, gashina na zuba, ko wanke-wanke na yi sai na kwanta, ga wasu ƙuraje a kumatu da ke tashi in na shiga rana. Sau uku ana min maganin maleriya da taifod. Na duba intanet na ga kamar lufus ne. Wata a WhatsApp tana sayar da haɗin ƙara ƙarfin garkuwar jiki dubu 60, kuma iya abin da na ɗauka a adashi kenan. In saya, ko in fara canza abinci in gani?"

Ƙanwata dan Allah riƙe kuɗinki. In har lufus ɗin ne, to wannan haɗin shi ne abu na farko da zan hana ki, ko da kyauta aka ba ki. Kin ga shi wannan ciwo ba raunin garkuwar jiki ba ne, garkuwar ce ta rikice, kamar mai gadi ne ya daina gane 'yan gida ya hau dukansu, yau fata, gobe gaɓoɓi, jibi ƙoda ko jini. To ke kuma sai ki je ki ƙaro masa gora? Juya robar ki karanta abin da aka zuba a ciki, in kin ga alfalfa ko ekinesiya ko sifirulina to ajiye, ita alfalfa ma akwai wani sinadari a cikinta da aka san yana tayar da wannan ciwon. Kuma kar lambar NAFDAC ta ruɗe ki, lambar ba shaida ba ce cewa abu yana warkar da duk cututtukan da mai talla ta jero a sitatus.

Amma fa ban ce kina da shi ba, daga waya ba wanda zai iya cewa haka. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, wani nau'in sanyin ƙashi, duk suna iya kawo gajiya da zubar gashi da ciwon gaɓoɓi. Abin da ya sa dai ba zan ce ki share ba, cikin mutum 10 masu lufus kusan 9 mata ne, yawanci tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ya fi kama baƙar fata ya fi yi mana tsanani, ga shi ke kin haɗa gaɓoɓi da gashi da ƙurajen da rana ke tayarwa. A fatarmu ba lallai ki ga ja ba, sau da yawa duhu-duhu yake yi a kumatu ya haye karan hanci kamar fukafukan malam-buɗe-littafi.

Inda nake so kuɗin nan ya fara shiga shi ne gwajin fitsari, wanda yana cikin gwaje-gwaje mafi araha. Ƙoda ba ta kuka da wuri, mace na iya yawonta tana girki tana zuwa biki alhali ƙodar na zubar da furotin wata da watanni, sai an fara ganin kumfa a fitsari, ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa da safe, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Selena Gomez mawaƙiyar nan ta Amurka, da duk kuɗinta, lufus ne ya kai ta ga dashen ƙoda a 2017. Bayan fitsari sai awon jini na gaba ɗaya, da na aikin ƙoda, da hawan jini, sannan wanda ake kira ANA, gwajin jini mai nuna ko garkuwar jiki na yaƙar jikin da kanta, in likita ya ga dama. Shi ANA ɗin ma ki sani yana fitowa fozitib a jikin wasu lafiyayyu, don haka kar ki je lab da kanki ki karɓo takarda ki zauna kina kuka, sai an haɗa shi da alamomi da wasu gwaje-gwajen. Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, wanda har yau bakinmu ya saba da ce masa FMC, ko Specialist, ki ce kina son ganin likitan cikin jiki. Ki ɗau hoton ƙurajen duk ranar da suka tashi, don abin haushi ranar ganin likita sai su kwanta, ki kuma rubuta ranakun zazzaɓi da gyambon baki in kina yi.

Kafin nan, kemis. Na san halinmu, za a haɗa miki diklofenak da firednisolon ko deksa, wannan da 'yan mata ke sha don ƙiba, kwana biyu ki ji garau ki ce an dace. Diklofenak da ibufurofen in aka jima ana sha suna taɓa ƙodar da muke tsoron mata, shi kuma firednisolon yana rufe alamomin ya rikita likita, kuma in an daɗe a kai ba a yanke shi lokaci ɗaya. Farasitamol ya ishe ki kafin ki isa asibiti. Septrin ma kar ki sha da ka, yana tayar wa wasu masu lufus ciwo. In an tabbatar, maganin da akan ɗora kusan kowa a kai shi ne haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin maleriya ne, yana ɗaukar makonni har watanni kafin a ji aikinsa, kuma ana duba ido lokaci-lokaci.

"Salamu alaikum Hajiya. Daga Kumo nake. Iyalina ce likita ya ce yana zargin lufus, muna jiran sakamako. Surukata ta hana ta kifi da ƙwai da nama da nono, wani abokina kuma ya ce sai abincin kanti na waje. Wane cefane zan riƙa yi?"

Malam Allah ya saka da alheri da ka damu har ka tambaya. Babu wani abinci da aka tabbatar yana warkar da lufus, kuma babu dalilin hana ta kifi da ƙwai da nono, mace mai gajiya da ƙarancin jini in aka bar ta da koko da tuwo zalla ai ƙara kwantar da ita za a yi. Sai dai ka bi surukar taka a hankali, ka ce likita ne ya ce, ko ma ka tafi da ita ranar asibiti ta ji da kunnenta.

Abincin kanti kuwa ɓarnar kuɗi ne. Gero, dawa, acha, wake, zogale, alayyahu, kuɓewa, gwanda, kankana, duk suna gabanka. Kifi sau biyu a sati in da hali, ko na Dadin Kowa ko Titus ɗin nan na sanyi, shi Titus man jikinsa yana da amfani ga zuciya, kuma masu wannan ciwo zuciya da jijiyoyin jini na cikin abin da ake kula musu. Inda gyaran yake shi ne tukunya, gishiri da dunƙulen magi, miya ɗaya a jefa biyar shida, ga indomi ga yajin tsire, wannan a rage sosai saboda hawan jini da ƙoda, daddawa da albasa da citta su cike gurbin. In aka ɗora ta kan firednisolon za ka ga ci ya buɗe, fuska ta ciko, suga na iya hawa, ƙashi na yin rauni, to lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu sai a haƙura, a riƙa ba ta kindirmo ko nonon da aka tafasa. In kuma gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu, lissafin ya canza, sai ka tambayi likita musamman kan kanwa, ayaba, dabino da yawan nama. Jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba a dakata da su, addu'a kuwa ba ta hana shan magani.

Wani abu da ba a saye a kasuwa, hutu. Gajiyar nan ba lalaci ba ne, in da ƙanwa ko 'yar aiki a samo mata, ta samu barci, ta ɗan taka da yamma in rana ta yi sanyi. In kana shan taba ko shisha ba a ɗakinta ba. Batun ciki kuma ku yi shawara da likita tun yanzu, akan so ciwon ya kwanta kamar wata 6 kafin a ɗauka, kuma akwai magungunan da ke cutar da ɗan tayi da sai an canza su.

"Anti ni ɗalibar GSU ce, Jami'ar Jihar Gombe, an tabbatar min da lufus bara. Man kare rana ya yi tsada, tunda ina sa hijabi dole ne? Sannan tabon fuskata wane mai zan saya ya goge?"

'Yata hijabi ya rage miki aiki, amma fuska da bayan hannu suna waje, kuma ranar Gombe ta Maris da Afrilu ba sai na ba ki labari ba. Nemi mai SPF 50, wato lambar ƙarfin kariyarsa, wanda aka rubuta yana tare UVA da UVB, nau'o'in hasken rana biyu masu cutar da fata, tunda fuska da hannu ne kawai ƙaramar roba za ta kai ki, ki sake shafawa bayan awa biyu in kina waje, ko bayan alwala. Ki haɗa da lema, ki zaɓi yadi mai kauri ba gyale shara-shara ba, tsakanin 10 na safe da 4 na yamma ki bi inuwa. Tunda kina gudun rana ki tambayi likitanki batun bitamin D. Man goge tabo kuwa a'a, yawancin na bilicin ɗin nan akwai sitiroyid ko makuri a ciki, makuri kuma ƙoda yake ci. Ki nuna wa likitan fata tabon, ki tafi da duk mayukan da kike shafawa yanzu a leda ya gani.