Abin da ya baƙanta maka rabin shafin nan

Sani, na ga hoton da ka turo da tambayarka. Ka ce ka ɗauki shafin tsohon littafin ajamin nan da waya, ka mayar da shi launin toka, ka sa iyaka a 128 don a raba tawada da takarda, sai gefen dama ya fito tas, na hagu kuma ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi. Kana zargin manhajar. Abin da ka umarce ta shi ta yi, ɗana.

Kowane ɗigo na hoton toka lamba ce, daga 0 wato baƙi, zuwa 255 wato fari. Da ka sa 128, cewa ka yi duk ɗigon da bai kai nan ba tawada ne. To na duba lambobin hotonka da kaina. Taga tana hannun damanka, inuwar hannunka kuma ta sauka a hagu. Takarda tsura a hagun nan ba ta wuce 110 ba, a dama kuwa akwai tawadar da ta koɗe har ta kai 130. Ka ga takardar hagu ta fi tawadar dama duhu. Ko ka kwana kana sauya lamba, babu guda ɗaya da za ta raba su.

Shi ya sa kullum nake ce muku a fara buɗe jadawalin haske, wanda ke nuna ɗigo nawa ke kan kowace lamba. In ka ga tudu biyu da kwari a tsakani, ka huta. Nan ne dabarar Nobuyuki Otsu, mutumin Japan, ta 1979 ke aiki: tana gwada lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi wadda ta fi nisanta rukunin duhu da na haske. Tana cikin OpenCV, wato tarin kayan aikin sarrafa hoto a kwamfuta, umarni ne na layi ɗaya. Amma ita ma lamba guda take bai wa dukan shafi, naka jadawalin kuwa tudun sun narke cikin juna.

Maganinka shi ne kowace unguwa ta shafin ta samu nata ma'auni. A kewaye ɗigo da 'yar taga, a ɗauki matsakaicin hasken maƙwabtansa, a rage kaɗan, sannan a yanke masa hukunci da wannan. Faɗin tagar dole ya zama mara, kamar 31 ko 51, don ɗigon ya zauna a tsakiya. Kuma ta fi kaurin alƙalami faɗi sosai. In ta yi ƙanƙanta, tagar za ta faɗa cikin harafi gaba ɗaya, ta ɗauka duhun nan shi ne takarda, sai manyan haruffa su fito da rami a ciki. In ta yi girma da yawa, ka koma gidan jiya. Ga tsofaffin takardu masu tabon ruwa na fi amincewa da dabarar Sauvola ta shekarar 2000, domin tana duba yadda hasken ke hawa da sauka a cikin tagar, ba matsakaici kaɗai ba, don haka ba ta ƙirƙiro ƙura a inda babu rubutu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Bayan rabawa za ka ga ƙananan ɗige-ɗige, zuciyarka za ta ce ka share duk abin da bai kai girma kaza ba. Ni na taɓa yin haka a kan wani kundi da wani dattijo ya kawo mana nan Gombe. Shafi ya fito fes, ina ta murna. Da ya sa tabarau ya duba, sai ya ajiye takardar ya ce, "Malam, ina ɗigona?" Na kwashe ɗigon ba da ta da nun, na haɗa da wasulla. A rubutun Magaribi da malamanmu ke yi, fa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Ka share su, ka rikita kalma. Har yau in na tuna kunya nake ji. A ajami gara ka bar datti kaɗan mai karatu ya tsallake shi da ido.

Aikin ƙirga wake daga hoto da za ka yi wa mutumin kasuwar Tudun Hatsi kuwa wata matsala ce daban. Raba wake da tire abu ne mai sauƙi, sai dai ƙwayoyin da suka manne za su zama dunƙule ɗaya. A nan sai ka auna nisan kowane ɗigo daga gefen dunƙulen, ka ɗauki wanda ya fi nisa a matsayin wanda ya fi zurfi, sai tsakiyar kowace ƙwaya ta zama gindin kwari. Ka ɗauka ruwa na tasowa daga kowane kwari, inda ruwa biyu za su haɗu a gina madatsa, kamar ta Dadin Kowa. Madatsar ita ce iyakar ƙwaya. Amma kai za ka sa alama ɗaya tak a kowace ƙwaya tukuna, in ba haka ba wake ɗaya zai tsage gida biyar.

Na san za ka ce ai akwai U-Net, manhajar nan mai koyon raba sassan hoto, wadda aka fito da ita a Jamus a 2015. Tana aiki ƙwarai, sai dai tana bukatar hotunan da aka zana iyakokinsu da hannu ta koya a kansu, kuma lokacinta zai zo.

Gobe da hantsi ka fitar da littafin inuwar baranda, ka kafa wayar a kan wani abu, ka kashe fitilarta, ka sake ɗauka. Ka turo min jadawalin hasken kafin ka taɓa komai.