An ba ni shugabancin wanda ya koya mini aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma kwanan nan aka naɗa ni shugaban sashenmu. Cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai wani dattijo da ya koya mini aiki tun ina sabon shiga. Ina jin nauyin yi masa magana idan ya makara da rahoto, shi ya sa nake ƙarasa aikinsa da kaina da daddare. Abokan da muke cin abinci tare kuma sun fara ja da baya. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya taya ka riƙo. An ɗaga ka ne saboda ka iya lissafi, amma kujerar da aka ba ka ba lissafi take buƙata ba, sa wasu su yi lissafin daidai kuma a kan lokaci take buƙata. Tun a 1969 wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya lura cewa ana ƙara wa ma'aikaci girma bisa ƙwarewarsa a aikin da zai bari, har ya kai matsayin da bai iya ba. Mafita ita ce ka ɗauki shugabanci a matsayin sabuwar sana'a da za ka koya daga tushe.

Aikin daren nan shi ya fi damuna, domin a ido yana kama da ladabi, alhali cutarwa ce ga ku biyun. Kai za ka gaji har ka kasa duba aikin sauran ma'aikata, shi kuma dattijon ba zai san akwai matsala ba sai ranar da ka zo cike takardar auna ƙwazonsa ta ƙarshen shekara, inda dole ko ka rubuta abin da ba gaskiya ba, ko ka ba shi mamaki da hukuncin da ba ka taɓa yi masa gargaɗi a kai ba. Girmama na gaba wajibi ne, amma a salon magana ake nuna shi. Ka same shi a ofishinsa maimakon ka aika a kira shi, ku keɓe, ka tambaye shi abin da ke jawo jinkirin, domin mai yiwuwa wani sashe ne ke riƙe masa takardu. Daga nan ku tsayar da ranar miƙa rahoto, kuma ka riƙa neman shawararsa a gaban jama'a kan abin da ya fi ka sani. Takardar tuhuma sai idan duk wannan ya ci tura.

Game da abokai, babba juji ne, kuma wasu za su yi ƙorafi komai ka yi. Ka ci gaba da gaisawa da zuwa sunansu da jana'izarsu, amma ka daina zama inda ake gulmar ma'aikata, kuma kada abota ta shiga rabon hutu ko tafiye-tafiyen aiki.

Ka kuma nemi ma'aikatarku ta tura ka kwas. Kwalejin horar da jami'an mulki ta ASCON da ke Badagry, wadda aka kafa a 1973, tana koyar da irin wannan, kuma sashen horar da ma'aikata na wurinku shi ne zai shigar da sunanka.