Gonar gandu bayan samari sun tafi ci-rani

Ɗan'uwa, ka ce ƙannenka uku duk suna Legas, ƙarfin Baba ya ƙare, kana tambaya ko ku ba da gonar gandu jingina ko ku bar ta ta zama saura. Mun ɗanɗana wannan a gidanmu, shi ya sa na kasa yin shiru.

A da, ci-rani na rani ne kawai. Da an zuba damman gero a rumbu sai samari su kama hanya, wannan dako, wancan ga-ruwa, wani gadi. Hadari na fara haɗuwa sai ga su da kuɗin taki. Bakin da ke cin hatsin gida ya ragu, gona kuma ba ta rasa hannu ba. Yanzu rani ya haɗiye damina. Wanda ya karɓi babur yana biyan balas kullum ba zai jingine shi ya dawo noman firi ba, shi kuwa noman firi ba ya jiran kowa.

Shekarar da yayyena biyu ba su dawo ba, kuɗin ƙwadagon da suka turo sai da ya makara da mako biyu. Na tsaya a bakin gonarmu, gero ya yi ja, siriri kamar tsinken tsintsiya, ciyawa ta shanye kansa. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Da 'yan ƙwadago suka zo, kafta kawai suka yi suka wuce, ba mai durƙusawa ya cire ciyawar gindin shuka kamar yadda ɗan gida zai yi. Gonarmu ta nesa kuwa, da aka daina kai mata takin gida, wuta-wuta ce ta mamaye dawar.

Jingina dai ban ba ka shawara ba. Kawunmu ya yi, kuɗin suka narke a hidimar biki ɗaya, gonar ta daɗe a hannun wani har ya rasu, magadansa suka ce saye ne, don babu takarda. Barin ta saura ma yakan jawo maƙwabci ya riƙa cin iyaka kunya ɗaya ɗaya.

Abin da ya fisshe mu shi ne, da yardar Baba, mun ba da ta nesa haya damina ɗaya ɗaya, a rubuce, gaban mai unguwa da shaidu biyu. Ta kusa da gida muka riƙe, muka zuba mata duk takin da muke da shi. Ka zaunar da ƙannenka in sun zo Sallah, ku yi karɓa-karɓa: kowace damina ɗaya ya dawo, sauran biyun su turo kuɗin iri da taki tun watan Afrilu, kafin ruwan shuka ya sauka.