Amsar Kawu Kan Ulun Gidiyon

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma karanta shi har sau biyu. Ka tambaye ni ko al'adar masu bi ce mutum ya sanya wa Allah alama kamar yadda Gidiyon na cikin Littafi Mai Tsarki ya shimfiɗa ulu, har ka ce ka ƙudura a ranka cewa idan yarinyar nan ta kira ka a waya kafin Lahadi, to, ita ce matarka, idan kuwa ba ta kira ba sai ka janye. Na yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba, domin rayuwar 'yar mutane ce kake so ka rataya a kan ƙarar waya.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara jin labarin nan, da kaka, a bakin kakanka, wanda shi ne mai bishara a ƙauyenmu. Mun wuni muna sussukar gero, jiki duk ƙaiƙayi, da dare ya kunna aci-bal-bal ya buɗe Littafin Mahukunta sura 6. Ya karanta mana yadda Madayanawa suka yi shekara 7 suna danne Isra'ilawa, suna zuwa da raƙuma kamar fara duk lokacin da amfanin gona ya nuna, su cinye su bar ƙasa fayau, har mutane suka koma ɓuya a kogwanni. Ya karanta yadda mala'ika ya iske Gidiyon ɗan Yowash a Ofra yana sussukar alkama cikin ramin matse inabi don kada maƙiya su gani. A nan ya dakata ya tambaye mu ko mun taɓa ganin wanda ya yi shiƙa a rami, inda iska ba ta kaɗawa. Muka ce a'a. Ya ce to, ku san irin tsoron da ke cikin mutumin da aka kira jarumi.

Da ya kai kan ulun, inda Gidiyon ya shimfiɗa ulu a masussuka ya roƙi Allah raɓa ta sauka a kan ulun kaɗai ƙasa ta bushe, don ya tabbata ta hannunsa za a ceci Isra'ila, sai kakanka ya tashi ya ɗauko buzun da yake zama a kai, ya kai shi masussuka ya shimfiɗa, ya ce kowa ya je ya kwanta. Ni dai ban yi barcin kirki ba. Da asuba, tun zakara bai sauko ba, na ruga a guje, na tarar da buzun ya yi sanyi ƙalau, raɓa ta kwanta a kan gashinsa ɗigo-ɗigo. Muka tsaya har rana ta ɗaga, ƙasa ta bushe sarai, buzun kuwa yana nan da danshinsa. Na daka tsalle ina ihu cewa Allah ya yi mana irin ta Gidiyon. Kakanka ya dafa kaina ya ce, "Yaro, halin gashi ke nan, yakan riƙe raɓa bayan ƙasa ta sake ta." Ya ce yana jin shi ya sa Gidiyon, ko da ya matse kwano guda cike da ruwa daga ulun, hankalinsa bai kwanta ba, ya koma ya roƙi a juya abin, ulu ya bushe ƙasa ta jiƙe, yana kuma roƙon kada Allah ya yi fushi da shi. Wanda ya san abin da yake yi daidai ne, in ji kakanka, ba ya fara magana da neman gafara.

Ka lura, ɗana, kafin ulun nan an riga an faɗa wa Gidiyon abin da zai yi, an ce ya je ya ceci Isra'ila, wuta ma ta fito daga dutse ta cinye naman da gurasar da ya ajiye. Haƙurin Allah ne ya ɗauke shi, kamar yadda uwa ke riƙe hannun mai koyon tafiya. Kakarka takan ce wanda aka goya ba ya koya wa mutane tafiya. Daga baya ma, da mutum 32,000 suka taru don yaƙi, aka sallami matsorata 22,000, aka tace sauran a bakin ruwa har suka koma 300, ba Gidiyon ne ya zaɓi alamar ba, umarni aka ba shi ya bi. Da ƙaho da tulu da jiniyar wuta suka tarwatsa sansanin Madayanawa cikin dare, ƙasar ta huta shekara 40. Abin da ke sosa mini rai shi ne ƙarshensa: ya ƙi sarauta, ya ce Ubangiji ne zai mallake su, amma ya tara 'yan kunnen zinariya na ganima ya yi falmaran irin ta firist ya ajiye a Ofra, mutane suka shiga yi mata sujada, abin ya zama tarko gare shi da gidansa. Ina ganin zuciyar da ke son abin taɓawa da hannu ba ta rabu da shi ba.

A zamaninmu, idan saurayi ya ga yarinya, addu'a yake yi, sa'an nan ya faɗa wa baffansa ko kawunsa, manya su tashi su binciki gidan, su ji halin uwarta da na ubanta, a kuma tambayi ita yarinyar ko tana so. Dattawanmu sukan ce matambayi ba ya ɓata. Ku kuwa yanzu kowa ya ƙule a ɗaki da waya, ya yanke shawarar da za ta shafi dangi biyu, sai an kusa ɗaurin aure mu ji. Ba laifinku ba ne ku kaɗai, mu ma mun yi sake, mun daina zama da ku da dare kamar yadda aka zauna da mu.

Ban ce Allah ba ya ba da alama ba, ni ma na ga ikonsa a wurare da dama. Amma yarinyar nan tana da baki, tana da iyaye, wataƙila ma kunya ce za ta hana ta kira, ko rashin kati. Ka zo gida ranar Asabar, ka zo mini da sunan mahaifinta da unguwarsu. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ina so ta kasance a zaman.